Uwar Inji a Cikin Rawanin Yaya

Shekara biyu na yi ina tara kayan ordinatar guda, wato kwamfuta, wadda na yi niyyar haɗawa da hannuna. Ba don aiki ba. Aikin shagona da ke kusa da tashar Madawa bai wuce buga takardun neman aiki da fotokofi ba, kuma tsohuwar na'urar da nake da ita tana yinsa, ko da tana nishi. Sabuwar kwaɗayi ce kawai, na yarda. Wani tantabaru yake kiwo, wani doki, ni kuwa wannan ne ciwona.

Na samu akwatin mai gefen gilashi, na samu fankoki, na kuma samu ƙwaƙwalwar, wato furosesa, ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannun jariri ba. Na ajiye ta cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatin tufafina. Abu ɗaya ya rage: kart-mer, uwar inji, faifan da kowane sashe yake zama a kansa. Irin wadda nake so ba a samunta a Madawa, ko a Tawa ma sai dai a yi maka alkawari.

Wata uku na yi ina zaɓe. Duk lokacin da aka ɗauke kuran, wato lantarki, aiki ya tsaya, sai in zauna bakin shago cikin zufa ina duba salula. Wannan tana da gurbi huɗu, waccan tana jure zafi, wata kuma fitilu ne kawai da tsada. Zafin nan shi ya fi damuna, don wanda ya san watan bazara a garinmu ya san ƙarfe ma yana neman inuwa. Na karanta har idona ya fara ruwa, har maiɗakina ta ce da haka na yi karatun boko a lakkwal da yanzu ni ne gwamnan Tawa. Daga ƙarshe na tsaya a kan guda. Na gaji da ita tun ban gan ta ba.

Yayana yana fataucin albasa zuwa Abijan. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu a Azarori, shi ya hana a cire ni daga lakkwal, alhali shi bai taɓa zama aji ba. Kowace shekara yana dawowa gab da shuka. Na aika masa hoton kwalin, na rubuta sunan harafi harafi, na ƙara da saƙon murya har uku: wannan ɗin, Yaya, ita kaɗai, ko an nuna maka wata kada ka karɓa. Ya amsa da cewa ya ji.

Laifina ne da na manta irin mutanen da na fito cikinsu. A wurinmu ɗan aike ne yake kawo abin da aka ce. Ɗan'uwa ƙari yake yi. Ka ce a riƙo maka tiya guda ta gero, a kawo maka biyu. Ka ce yadi mai sauƙi, a kawo shadda. Wanda ya kawo daidai abin da aka faɗa, kamar ya ce zumuncin ya tsaya nan ne.

Ya iso da hantsi, ranar kasuwa, bai ko wuce gida ba. Ƙafafunsa sun kumbura don zaman mota. Ya zauna a bencin shago, ya ɗora wani ƙunshi a cinya, ya fara warware rawaninsa da ya naɗe shi da shi. Ya ce tun daga Abijan bai yarda an sa shi saman mota ba, a jikinsa ya riƙe, ko salla ya sauka yi yana gefen tabarma.

Ina ganin kwalin na san ba ita ba ce. Ya fi wanda na aika masa hotonsa girma, launinsa ma daban.

"Auta," in ji shi, "wadda kac ce na gane ta. Na ɗauka, na ji ba ta da nauyi. Nac ce ma mai shagon, ƙanena malami na, ba ni kai mishi ƙarama. Wace ta hi duka? Yaɗ ɗauko wagga daga sama. Ɗaga ka jiya."

Na ɗaga. Tana da nauyi kam. Da albasa ce da ya yi zaɓen da babu kamarsa. Kuma gaskiyar mai shagon, ta fi tawa nesa ba kusa ba. Sai dai masu ƙera ƙwaƙwalwar inji gida biyu ne, kowane gida da irin gurbinsa. Wannan ta ɗaya gidan ce. Ƙwaƙwalwar da ke cikin gwangwanina ba za ta zauna cikinta ba, ko da guduma aka buga.

Na buɗe baki in faɗa masa. Sai idona ya kai ga ƙafafun nan, da fuskarsa da yake jiran in yi murna. Na san ƙarin da ya yi daga guminsa ya fito, kuma ba zai taɓa faɗin nawa ba.

"Ta yi, Yaya. Allah ya bar zumunci."

"To kunna mu gani."

A ranar kaɗai a rayuwata na gode wa Allah da aka ɗauke kuran. Da na ce masa babu wuta ya yi dariya, ya ce ba komai, ya bar mini rawanin in rufe ta, ya hau kabu-kabu ya wuce Azarori.

Damina ta zo ta wuce. Duk zuwansa kasuwa sai ya leƙo ya tambaya ko tana aiki, in ce ana haɗawa. A wurin suna ko ɗaurin aure ina jin shi yana ba mutane labari: "Ya ce ƙarama, ni kuwa na kawo mishi babba." Ni dai in yi murmushi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, kuma babu wanda zan yi fushin da shi. Mayar da ita Abijan sai ta hannunsa, wato sai na faɗa. Akwatin gilashin ya zama wurin ajiye takardu.

Bayan girbi wani mai gyaran ordinatar daga Ƙonni ya biyo ta shagona. Na nuna masa tsarabar Yaya da ƙwaƙwalwar tawa, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Da ya nutsu ya ce yana da irin wadda na zaɓa tun farko, sabuwa fil. In ba shi ta Yaya, ya aiko mini da waccan, kafin Juma'a injina ya tashi. Yaya ba zai taɓa ganewa ba, duk faifai ɗaya ne a idonsa.

Na ce to. Na ɗauko ta ina warware rawanin, warin albasa da na mota yana nan bai fita ba. Na tsaya da ita a hannu har baƙon ya tambaya ko lafiya.

Na mayar da naɗin yadda yake. Na buɗe gwangwanin madara, na miƙa masa ƙwaƙwalwar da na yi shekara biyu ina lallaɓawa, na ce ita zai saya in yana so. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, amma ya saya.

Yanzu shekara ta biyu ke nan ina neman ƙwaƙwalwar da za ta zauna cikin tsarabar Yaya. Na koma bakin shago da salula da ruwan ido. Yaya ya ce in faɗa masa sunanta ya riƙo mini daga Abijan. Na ce ya huta, tana hanya.