Yajin Inna da Bakina

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko ina zaune a gabanta, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A ce ma wancan abinci na nan." Haka na girma a Mabera, ina wancan. Da na yi aure na koma Arkilla, sai ta samo hanyar yi mini magana ba tare da ta karya kunya ba: kwalbar yaji. Ita ke daka shi da hannunta, ta zuba tonka, wato barkono, kamar mai jin haushin wani, ta aiko mini. Kafin kwalba ta ƙare wata ta iso.

Ni kuma Allah Ya yi ni da baki mai saurin fushi. Ƙurji ɗan mitsitsi zai fito a cikin leɓe, fari, bai kai ƙwayar gero ba, amma ya hana ni shan shayi, ya hana ni dariya. A ofis in yi ta gyaɗa kai, har aka fara yaba mini da nutsuwa.

Babu abin da ban gwada ba. Matata kan dafa ruwa ya yi ɗumi, ta sa gishiri, in kurkure safe da yamma ina hawaye. Ta ɗiga mini zuma a wurin. Ta jefar da buroshina mai tauri ta sayo mai laushi, ta raba ni da lemon tsami. Duk sun taimaka, ban musa ba. Ƙurjin ya kan tafi, ya huta, ya dawo ya tarar da ni ina barbaɗa yaji a tuwo.

Labari ya kai Mabera. Inna ta yanke hukunci nan take, wai zafi ne: "Zahi na. A jiƙa mai bagaruwa." Aka aiko da bagaruwa irin wadda majema ke jeme fatar akuya da ita, na kurkure, bakina ya ɗaure tamau. A cikin ledar kuma har da sabuwar kwalba, wai don in samu cin abinci.

Da na ga wani ƙurjin ya ƙi tafiya, na je wurin likita. Ya haska, ya ce ba na tsoro ba ne, amma in ya daɗe irin haka a riƙa zuwa. Sannan ya tambaye ni ko ina cin yaji. Na ce kaɗan. Matata ta yi wata irin dariya da har yau ban yafe ba.

Na hana ta faɗa wa Inna. Na gwammace bakina ya tsage da a ce wa tsohuwar nan abin da take daka mini shi ke hura ciwon. Amma matata ta gaji da ganina ina cin tuwo da gefen baki. Ta je gaisuwa, ta faɗa, cikin ladabi kuwa.

Kwalba ba ta sake zuwa ba. Bakina ya warke sumul. Na sha shayi da zafinsa, na yi dariya a ofis, kuma ban taɓa jin kewa irin ta lokacin ba.

Na kasa haƙuri, na shiga keke na tafi Mabera. Na tarar an kife turmin a gindin bango, an ɗora buta a kai. Na durƙusa na gaishe ta, ina neman ƙanwata da ido don ta isar mini da roƙo. Ba ta nan.

Inna ta dube ni, ni ɗin nan, ta ce, "Matso. Buɗe in gani."

Ta riƙe haɓata da hannun nan mai kantar taɓarya, ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Rabon da ta taɓa ni tun ban san kaina ba.

"Ya warke," in ji ta. "Ashe ni ac ciwon."

Na so in ce wani abu. Bakina lafiya lau, babu ƙurji ko ɗaya, amma na kasa.