Waƙar da Inna Ta Raba Uku

Jiya malamar ajin da ke kusa da nawa ta buga rula a kan tebur sau uku don yara su natsu, sai na ji alli ya suɓuce daga hannuna. Haka Inna take yi kafin ta ɗaga waƙa. Bari in ba ka labarinta.

Inna, mahaifiyata, malamar firamare ce a ƙauyenmu na bakin ruwa, kusa da Wara. Ita ke kula da 'yan waƙar makaranta, mu da muke rera taken ƙasa da safe, da waƙar maraba idan an yi baƙi. In faɗa maka gaskiya, ihu muke yi, kowa na son danne muryar ɗan'uwansa. Ita ma ba wanda ya koya mata. An ga tana da murya ne kawai aka ɗora mata.

Ina aji huɗu aka kira malamai masu koyar da waƙa bitar mako guda a Yelwa. Da rani ne, ruwa ya janye, warin albasar da ake shanyawa ya cika gari. Da ta dawo sai muka ga canji. Ta daina cewa mu ɗaga murya, ta koma cewa kowa ya saurari na kusa da shi. Ta sa muka dafa cikinmu muna jan numfashi, muna ta dariya. Sannan ta raba mu uku: masu siririyar murya, masu kauri, da na tsakiya. Ni a tsakiya ta sa ni. Na yi kuka, don na sama ake ji, amma ba ta canza ba.

A wajen bitar an kuma ba su aiki: kowane malami ya nemo waƙar garinsu, ya tsara ta, ya kawo bita ta biyu bayan damina. Inna ta nufi Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka haifa a wani tsibiri da ruwan dam ya cinye. Ta same ta tana juya kifi a kan banda, hayaƙi na sa ta hawaye.

"Mi za ki yi da waƙar garin da ya nutse?" in ji Kaka.

"Yara za su riƙe ta, Iya."

Waƙar tuƙin jirgi ce da yaren Gungawa, ɗaya ya kira, masu filafili su amsa. Kaka na rerawa, Inna na rubutawa a littafinta, tsohuwa na gyara mata harshe tana tsaki. Daminar nan duka muka yi muna koyo, a ajin da ke yoyo, ƙafafunmu cikin laima.

Wata rana da hantsi Kaka ta zo makaranta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a taga. Na sama suka kira, muka amsa, masu kauri suka shigo daga ƙasa kamar jirgi ya bar gaɓa. Da muka ƙare sai ta ce, "Haka yayana yake amsawa," ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ranar tafiya bita ta biyu ta zo daidai da ranar kasuwa, ruwa ya cika maƙil. Jirgin ya ɗauki mutane da buhunan shinkafa har bakinsa. Na riƙe wa Inna jaka tana gyara ɗaurin zane. Kafin azahar labari ya iso cewa jirgin ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa. A rana ta uku masunta suka samo gawar Inna. Littafin ba a gan shi ba.

Kaka ta ƙara shekara biyu a duniya. Sau ɗaya na roƙe ta ta rera mini. Ta ce, "Ruwa ya ci waƙar nan sau biyu, ɗiyata. Bar ta." Sabon malamin da aka kawo ya mayar da mu kan taken ƙasa, kowa da ihunsa.

Yanzu jiragen garinmu inji ke jan su, ba mai buƙatar a kira masa ya amsa. Na nemi abokan karatuna. Ɗaya yana acaɓa a kudu, ya ce ya manta. Wata ta ce ko kalma ɗaya ba ta riƙe ba.

Bara ni ma aka tura ni irin wannan bita. A waya aka turo mana waƙoƙin, duk na wasu wurare. Ranar ƙarshe mai koyarwar ya tambaya ko akwai mai waƙar gida. Na miƙe. Ashe rabona kaɗai na sani. Na rera layinmu na farko, na yi shiru inda na sama ya kamata su sake kira. Ina tsaye ina jiransu, mutane suka ɗauka na gama, suka yi mini tafi.