Dokin Bappa Lado da Tafkin Damare

Bappa Lado mai mazarƙwaila ne. Mahaifinsa ya zo Jimeta daga ƙasar Zazzau da kasko da injin matse rake. Da Bappa ya gaji sana'ar, sai ya kafa rumfarsa a Damare, bakin wani tafki. Baƙin dokinsa, Akawal, shi ke juya injin. Matarsa Safiyatu kan yi masa tsiya wai dokin yake fara gaisarwa kafin ita.

Yadda ya ga mahaifinsa na yi, haka yake yi: a kwashe kumfa, a wanke kasko, a saki ruwan ya bi kwata. A Jimeta yashi ke shanye shi. A Damare kuwa tafki yake gangarawa.

Shekarar da Yola ta koma ƙarƙashin Maiduguri, rake ya yi albarka, wuta ba ta mutu a murhunsa ba. Tafkin ya yi tsami. Wata safiya Nicodemus masunci ya dire masa ƙwarya cike da matattun tarwaɗa.

"Mai zaƙi, ga tsaraba. Kifina sun sha shayinka, sun kwanta."

"Haba Niko, ruwan rake ne fa, ba guba ba."

"To, zo ka gaya musu."

Bappa ya ce har ga Allah bai taɓa zaton zaƙi na kisa ba. Ya je ya ga yaran Nicodemus zaune a kwalekwale, taru a bushe.

Magani shi ne a haƙa ramuka nesa da tafkin, a jera duwatsu, a ja kwatar siminti. Ba shi da abin da zai sayar ya ɗauki nauyin wannan aiki sai Akawal. Ya yi ta jan ƙafa, daga bisani ya kai shi kasuwa da kansa. Wani mai amalanke a unguwar Luggere ta Jimeta ya saya.

Daga nan Bappa ya sa ƙirjinsa a sandar injin. Abin da yake dafawa ya ragu ƙwarai. Wata rana ya ji sandar ta yi sauƙi, ya waiwaya, sai ga Nicodemus ya kama sandar, yana cewa:

"Tura mana, tsohon doki!"

Kifi sun dawo bayan damina. Bappa bai sake yin doki ba. Amma duk ranar da ya kai kaya Jimeta, sai ya ratsa ta Luggere da gutsuren mazarƙwaila a aljihu, rabon Akawal.