Lafiyar da Kwamfuta Ba Ta Ganewa

Kamfanin Ɗan'azumi yana da ma'aikata biyu, kuma mata da miji ne. Shi ke rubuta manhaja, matarsa Sa'adatu ke sauraron ƙorafi. Aikinta ya fi nasa yawa. Ofishin nasu wani lungu ne a bayan shagon atamfa na Alhaji Illiyasu, a kan Titin Koudoukou: tebur, kwamfuta, da wayar wuta da Alhaji ya ja musu daga janaretansa, wadda yake ambata duk ranar da ransa ya ɓaci.

Ɗan'azumi haifaffen unguwar Kilomita Biyar ne a birnin Bangui, jikan wani ɗan Damagaram da ya zo fatauci ya manta da komawa. Ya yi karatun kwamfuta a Kamaru, ya dawo Bangui daidai lokacin da kowa ke neman hanyar fita daga cikinta. Ya yi ta gyaran waya har harbe-harbe suka lafa, kasuwa ta fara buɗe ido. A lokacin, tambaya ɗaya ce a bakin duk ɗan kasuwa: hanyar Kamaru tana biyuwa yau? Komai ta can yake shigowa, daga sabulu har siminti, kuma masu bindiga sukan kafa shinge inda jiya babu.

Sai ya ƙirƙiro manhajar da ya sa wa suna Yaya Hanya. Tana aika wa direbobin manyan motoci tambaya, ta karanta amsarsu, ta sanar da 'yan kasuwa. Idan direba ya rubuta "lafiya", sai ta ce hanya a buɗe take.

A watan farko, babu hanya mai aminci a duniya kamar wannan. Duk direban da aka tambaya sai ya ce lafiya. Wani ya rubuto "lafiya lau" alhali motarsa na kwance a rami kusa da Yaloke, shi kuma yana zaune a kan tayarta. Da aka tuhume shi daga baya, sai ya yi mamaki.

"To mutum ya gaishe ni, in ce masa me? Ai da raina."

Nan Ɗan'azumi ya gane cewa ya gina injinsa a kan kalmar da Bahaushe ke faɗa ko gidansa na ci da wuta. Ya rushe rabin aikin. Daga ranar, shi da kansa yake kiran direbobi, kuma sai waɗanda ya san muryarsu. Ya lura kowa da irin lafiyarsa. Akwai mai cewa "lafiya" a gajarce idan komai daidai ne, ya ja ta idan akwai magana. Akwai wanda idan ya ƙara da "sai godiya", to an ƙwace masa wani abu. Manhajar kuma aikinta ya koma isar da kalma ɗaya tak ga masu rajista: ko "taho", ko "dakata".

Direbobinsa ba su kai ashirin ba, ya kuma ƙi ƙarawa. Masu rajista ma ya rufe ƙofa, wai saƙon da ya yi yawo da yawa wata rana zai sauka a wayar mai tsaron shinge. Jama'a suka fusata. Wasu sun ce saƙo yana makara. Wasu sun ce "dakata" ta yi yawa. Wata mai sayar da albasa ta ce ƙanenta ya yi wata da watanni yana neman shiga, ko aikin gwamnati ne? Sa'adatu takan saurari kowa har ya gaji, sannan ta ce, "An ji," da muryar da ke sa mutum ya tafi yana zaton ya yi nasara.

Wanda ya fi kowa fushi shi ne mai masaukinsu. Alhaji Illiyasu bai taɓa ganin layin mutane a ƙofarsa ya kore su ba, kuma yana ganin hakan a wurin wani kamar saɓo ne. Ana saura kaɗan ƙaramar Sallah ya ɗaga labulen lungun ya shigo.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake kiransa idan zai yi faɗa, "na gaji. Mu haɗa hannu. A ɗauko 'yan mata huɗu masu amsa waya, a ƙara hanyar Cadi, a ƙara ta kogi. Kowa ya shigo."

"Baba Alhaji, 'yan matan sun san lafiyar direbobin Cadi?"

"Lafiya ai lafiya ce!"

"Da haka na fara nima."

"To ka ji. Ko ka buɗe ƙofa kafin Sallah, ko ka nemi wani lungun. Da wata wutar."

Sa'adatu ta ce, "An ji, Baba." Wannan karon bai yi aiki ba.

Babu wani lungu a Kilomita Biyar mai wuta da rana kuma babu haya, Ɗan'azumi ya san haka. Ya ci gaba da kiran direbobinsa.

Abin ya zo ƙarshe wani hantsi. Motar Alhaji cike da atamfar Sallah tana tsaye a Buwar, direbanta Ɗantala, ɗan yayar Alhaji, yana jiran saƙo. Alhaji ya tsaya a kan Ɗan'azumi ya ce a kira yanzu, a kuma buɗe murya ya ji da kunnensa. Motar da ke gaba a hanya ta Badaru ce, wani tsohon direba da ya fi shekara talatin yana bin hanyar, yana kuma zaginta.

"Malam Badaru, yaya hanya?"

"Lafiya lau, Injiniya! Lafiya ƙalau. Hanya sumul."

Alhaji ya buɗe hannuwa, ya dubi Sa'adatu kamar a kafa masa shaida.

"Yaya ƙugun naka?" in ji Ɗan'azumi.

"Ƙugu ya warke sarai."

"Tayoyin fa?"

"Sababbi ne kamar yau aka saya. Kowa ya taho, wallahi lafiya."

Ɗan'azumi ya yi masa godiya, ya ajiye waya, ya danna "dakata".

Alhaji ya harare shi. Ya ce, "Mutum ya rantse maka!"

"Baba Alhaji, tun da na san Malam Badaru bai taɓa cewa lafiya lau ba. 'Lafiya dai' yake cewa, sannan ya zagi kwalta, ya zagi mai motar, ya ba ni labarin ƙugunsa har katina ya ƙare. Yau ƙugu ya warke. Akwai wanda ke tsaye a kansa."

Alhaji ya zaro wayarsa ya kira Ɗantala ya ce ya taso. Ɗantala ya ce, cikin ladabi, babu direban da ya motsa a Buwar, kuma Inna ma ta ga saƙon, ta ce idan Kawu yana da magana ya kira ta. Alhaji yana da shaguna uku, ya je Makka sau biyu, amma bai kira yayarsa ba. Ya juya kan wanda ya fi sauƙi.

"Ku kwashe."

Suka kwashe. Kamfanin gaba ɗayansa ya hau kabu-kabu ɗaya, kwamfuta a cinyar Sa'adatu, tebur a kan ɗan kabu-kabun. Shugaban kamfanin ya bi su a ƙafa. A gida Sa'adatu ta ce, "Ka ga amfanin rashin girma, Malam. Da 'yan mata huɗun nan ne, ina za mu ɗora su?"

Daga tsakar gida suka ci gaba da aiki, suna kai batir caji wurin maƙwabci. Ƙorafi bai ragu ba, sai dai yanzu masu yin sa suna samun ruwan sha.

Badaru ya iso Bangui a bayan motar wani, babu takalmi. Ya zauna a bakin Kasuwar Kilomita Biyar ya ba da labari ga duk mai so, da wanda ba ya so. Sabon shinge ne aka kafa bayan Yaloke. Sun sauke shi, suna cikin kwashe sabulun da ya ɗauko sai waya ta yi ƙara. Ɗaya daga cikinsu yana jin Hausa kaɗan, ya ɗora masa bakin bindiga a kafaɗa ya ce ya faɗa wa na baya su taho.

"Sai na ce bari in yi wa Injiniya lafiyar da ban taɓa yi ba. Har na ce ƙuguna ya warke! Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar."

Da sojojin rakiya suka share wurin, Ɗantala ya shigo da atamfa, ko yadi ɗaya bai ɓata ba. Ranar jajibere Alhaji ya bayyana a ƙofar gidan Ɗan'azumi. Bai zauna ba, bai kuma ambaci Badaru ba.

"Ɓeraye sun fara taruwa a lungun nan," in ji shi. "Wurin da ba mutum haka yake. Kuma wayar wutar tana nan a rataye, tana ba ni haushi."

"Baba Alhaji, ba fa zan buɗe ƙofa ba."

"Wa ya ce ka buɗe? Mutum nawa ne ma a ciki yanzu?"

Ɗan'azumi ya gaya masa.

"Sun yi yawa," in ji Alhaji.

Yanzu haka, duk mai son rajista da Yaya Hanya sai ya ratsa ta gaban Alhaji Illiyasu, wanda ya ajiye kujera a bakin labulen. Yakan tambayi mutum sunan ubansa da na kakansa, ya saurare shi da kyau, sannan ya ce babu wuri. Shi kansa kuma bai daina ƙorafi ba: har gobe yana cewa saƙo yana makara, Sa'adatu tana ce masa an ji.

Badaru ya koma hanya da sabon takalmi. Kiran farko da aka yi masa, Alhaji yana wurin.

"Malam Badaru, yaya hanya?"

"Lafiya dai. Wace hanya? Wannan ramukan kake kira hanya? Ƙuguna kuwa, Injiniya, tun daga Garwa-Bulai..."

Ɗan'azumi ya ajiye wayar a kan tebur ya bar ta tana magana, ya danna "taho".