Bangon da na yi wa yaɓe

Ubana magini ne a Damagaram, kuma a gidanmu bangon da ba yaɓe abin kunya ne. Da wannan idon na shiga tsohon gidan 'yan kwana-kwana a Washington, wanda ake gyarawa ya zama mashaya. Lebura nake a wurin, watana biyu da barin tuƙin tasi, matata kuma tana gida a Beltsville, kusa da birnin, da tsohon ciki.

Akwai wani bango na jan bulo a zauren, duk ya zaizaye. An gyara rufi, an sa tagogi, shi ko kallonsa ba a yi. Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar, ba wanda ya aike ni, na kwaɓa na shafe kusan rabinsa sumul. Na koma gida ina jiran yabo.

Ranar Litinin injiniyar da ke kula da aikin, wata Baturiya mai ɗan gajeren haƙuri, ta shigo ta tsaya cak.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne, har da murmushi.

Ashe saboda bangon nan aka sayi ginin. Ya haura shekara ɗari, hukuma ta hana a rufe shi, kuma jibi mai duba aiki zai zo. Na ga aikina ya tafi, ga haihuwa a bakin ƙofa.

Ta dafe kai. "Siminti ba ya fita sai da fuskar bulon."

Na ce ai ban sa siminti ba. Farar ƙasa ce da yashi. Ubana bai yarda a haɗa tsohon gini da siminti ba, ya ce yana hana shi numfashi.

Ta kankara da makullin motarta, yaɓen ya zubo kamar gari. Ta dube ni, ta fashe da dariya. Ni kuwa na zauna a kan bokiti ina hamdala.

Kwana biyu muna wankewa da ruwa da buroshi. Mai duba aiki ya zo ya wuce bai ga wani aibu ba. Daga baya ma ni ta ba aikin cike tsagar bulon.

Giya ba na sha, don haka tun da aka buɗe wurin ban taka ba. Amma idan na bi ta titin nakan leƙa ta taga, in ga mutane sun jingina da bangon tsirara suna hira. Har yau hannuna ƙaiƙayin yi masa yaɓe yake yi.