Takarkarin Abarci a Duwatsun Azbin

Abarci maginin rijiya ne. A ƙasar Dakoro ya yi zamaninsa, tun kafin zuwan Nasara, lokacin da wurin bai wuce rijiyoyi da 'yan bukkoki da garkunan Buzaye masu wucewa ba. Shi da wansa Mamani suka gina rijiyoyi da dama tsakanin Korahane da Azagor. Mamani ke shiga rami, Abarci na jan igiya. Abarci bai iya doguwar gaisuwa ba, kuma mutum na fara yi masa rantse-rantse sai ya juya masa ƙeya.

Sanyin gindin rijiya ne ya cinye ƙafafun Mamani. Gwiwoyinsa suka kumbura, suka ƙage, har tashi ya gagare shi. An sha sassaƙe, an yi ƙaho, an sha rubutu, shiru. Sai fatake suka zo da labarin wani ruwa a duwatsun Azbin, ana ce masa Tafadak, da ke ɓuɓɓugowa da zafi daga ƙasa, masu ciwon gaɓoɓi na shiga suna samun sauƙi. Abarci yana da takarkari guda, baƙin sa, shi ke nan dukiyarsa. Ya ja shi zuwa wurin Elhaji, madugun ayarin raƙuma da ke kai gero Azbin.

"Madugu, wana zan ɗora. San nan zai kai?"

Elhaji ya shafa tozon san. "Wannan? Har Makka ma! Bar mani komi, ni ne uban tahiya."

Sannan ya ce tunda gurgu ba shi da nauyi, a ƙara wa san taikin geronsa biyu. Aka ƙara.

Muddin suna cikin rairayi, ba abin da ya faru. Da suka shiga duwatsu sai hanya ta koma baƙar tsakuwa mai kaifi. Sa ne da aka haifa cikin yashi, kofatonsa bai taɓa taka dutse ba. Abarci kansa bai taɓa ganin dutsen da ya fi na niƙa girma ba, balle ya yi tunanin abin. San ya fara ɗingishi, daga baya yana barin jini a sawunsa.

Suka sauka bakin wani tafki mai sanyi a tsakanin duwatsu. Kusa da shi akwai kabarin wani waliyyi, an kewaye shi da ginin dutse. Ayari ya wuni nan cur don ziyara. Elhaji na gaba, yana addu'a da ƙarfi har da hawaye.

Wata Buzuwa mai kiwon awaki, Zalika, ta zo shayarwa. Ta duƙa ta ɗaga ƙafar san, ta yi tsaki.

"Wane marar imani ya shigo da wannan ba takalmi?"

"Sa da takalmi?" in ji Abarci.

"Kai baƙo, san rairayi fata ake ɗinka mai tun kafin a taka dutsen farko. Kowane madugu ya san haka."

Abarci ya nufi Elhaji, ya same shi yana shafa addu'a.

"Ka san da zancen takalmi?"

"Na sani mana. Na ɗauka kai ma ka sani."

"To sauke geronka, ka ba ni gobe guda in ɗinka mai, ya huta."

"Ayari ba ya jiran takarkari. Mun riga mun ba da yau."

"Matacce ka ba wuni, mai rai ka hana?"

"Kul! Iya bakinka a gaban bayin Allah."

Abarci ya koma wurin san. Ya kwance taikunan, ya yi wurgi da su gaban Elhaji, ɗaya ya fashe. Da safe ayari ya tashi ya bar su.

Abarci ya yanka gugansa na fata, Zalika ta ɗinka wa san takalma, ta kwatanta masa hanya. Amma an makara, kofaton ya riga ya tsage. San ya yi ta jan jiki har wani kwazazzabo, ya durƙusa, bai sake tashi ba. Abarci ya yanka shi da hannunsa, ya bar wa makiyayan wurin naman. Ko loma bai iya kaiwa bakinsa ba.

Mamani na zaune jingine da dutse. "Ƙanena, bar ni nan wajen mutanen nan. Koma gida."

"Yi mani shiru, Yaya. Shekara nawa ina jawo ka daga rami?"

Ya goya shi, ya ɗaure da igiyar rijiya. Haka suka yi ta hawa da gangara, igiya na cin kafaɗarsa, yana zagin duwatsu, yana zagin Elhaji, yana zagin kansa da ya yarda da daɗin baki.

Tafadak ɗin ma ba wani abin kallo ba ne. Ɗan gurbi ne cikin dutse, yana tururi, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, marasa lafiya na jiran juna a bakinsa. Da Abarci ya tsoma shi, sai da Mamani ya yi ihu. Suka zauna nan har damina ta faɗi, kullum safe da yamma. Ƙafar dama ta miƙe. Ta hagu ta ƙi, kuma ba ta taɓa miƙewa ba.

Ranar da Mamani ya dogara sanda ya tako daga bakin ruwa zuwa inuwa shi kaɗai, ya zauna yana haki, yana dariya.

"Alhamdu lillahi. To yanzu sai ka yafe wa Elhaji."

"Kai ka yafe mai, ƙafarka ce ta warke," in ji Abarci. "Ni san nawa ne ya mutu."

Sun koma gida da wani ayarin. Abarci ya ci gaba da ginin rijiya, yanzu shi ke shiga rami. Har ya mutu bai yafe ba.