Katakon Bayan Gidan Bappa

A gidan Bappa, ƙanin mahaifina, na tashi, can bakin Binuwai a Jimeta. A bayan gidan ya kafa wani dandamalin katako cikin ruwa, inda yake ɗaure kwale-kwalensa. Daga nan yake haye kogi zuwa gonarsa ta shinkafa. Tsohon ma'aikacin haraji ne, kuma duk shekara da ƙafarsa yake zuwa biyan kuɗin lasisin wurin.

Shekarar da mutane suka gudo daga Mubi da Michika, gidanmu ya cika har zaure. Cikin baƙin akwai wani manomi ɗan Michika wanda ya rasa matarsa a hanya. Kullum sai ya je ƙarshen katakon ya zauna, ba ya kula kowa. Bappa bai taɓa tambayarsa komai ba. Wata safiya dai ya miƙa masa sandar tuƙi, suka tafi gona tare.

A lokacin ne aka fara ƙara kuɗin lasisi, wai saboda tsaro a kan ruwa. Hankula suka kwanta, ƙarin bai tsaya ba, fansho kuwa yana nan inda yake. Maƙwabta suka ba Bappa shawara ya riƙa cire katakon in ma'aikata za su zo, ya mayar bayan sun wuce, kamar yadda kowa yake yi. Ya ce ba zai yi ɓoyo da yaran da shi ya koya wa aiki ba. Na ce to zan biya daga albashina na koyarwa.

"Bana ka biya," in ji shi, "baɗi fa? Kai ma da iyalinka."

Bayan girbi suka kwance dandamalin, Bappa da ɗan Michikan. Ni ina karɓar katako ina jinginawa a katanga. Ƙusar da ta ƙi fita, Bappa ba ya yarda a fasa katakon, sai an lallaɓa ta.

Kwale-kwalen ya koma mashigar jama'a, mai nisa da gida. Damina ɗaya Bappa ya jure zuwa a keke, gwiwoyinsa suka gaza. Ya bar wa ɗan Michikan kwale-kwalen da gonar.

Mutumin yana unguwar Luggere yanzu, ya sake aure. Duk kaka yana kawo shinkafa, su daɗe a zaure, Bappa yana tambayarsa inda ruwa ya kai bana.